Wai da gaske ne wata ƙungiyar jami'a ta ci 550 ba a ci ta ko ɗaya ba a 1901?

Ɗan Sabon Gari Gusau:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman wanda zai raba mana wani musu da ya hana mu tashi jiya a gidan kallo har sai da mai gidan ya kashe janareta muka koma wajen mai shayi muka ci gaba. Bayan an tashi wasa ne ana ta cika baki, wani abokina ɗan Arsenal ya sake ɗauko zancen nan nasu na kakar 2003/2004 da suka buga wasa 38 a firimiya ba a doke su ba, wai shi a duniya babu ƙungiyar da ta taɓa yin abin da ya kai wannan, sai wani ƙanenmu da ke karatu a jami'a ya ce ai akwai waɗanda suka fi su nesa ba kusa ba, ɗaliban jami'ar Mishigan a Amurka, a 1901 sun buga wasa 11 sun cinye duka, sun ci 550, su kuma ko ɗaya ba a jefa musu ba. Ya nuna mana a wayarsa, har da wani wasa da aka tashi 128 da nema.

Ni dai wlh nan take abin da ya faɗo min a rai shi ne abin kunyar nan da aka yi a ƙasar nan a 2013, da Plateau United Feeders ta ci 79 da nema, Police Machine kuma ta ci 67 da nema a rana ɗaya saboda neman hawa rukuni na gaba, har hukumar ƙwallo ta ƙasa ta hukunta su. Don na zauna na yi lissafi, ƙwallo 128 cikin minti 90 kusan duk daƙiƙa 42 sai an ci ɗaya kenan, ko ɗauko ƙwallon daga raga a kai ta tsakiyar fili ai ya cinye wannan lokacin. To masana ku taimaka, gaskiya ne ko ƙarya? In gaskiya ne sayar da wasa aka yi ko yaya abin yake? Abin ya tsaya min a rai sosai.

Na Jega:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ba irin ƙwallonmu ba ce fa, tasu ce ta Amurkawa wadda ake runguma a hannu ana gudu da ita, mai siffar gwanda. Kuma maki ake ƙirgawa ba ƙwallaye a raga ba, ci ɗaya yana zuwa da maki da yawa. Ƙanen naku bai yi ƙarya ba amma bai yi muku bayani ba, shi ya sa kanku ya kulle.

Malamin Motsa Jiki, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Ɗan Sabon Gari, gaskiya ne, babu sayar da wasa a ciki, kuma na ji daɗin tambayar nan don ina son tarihin wasanni ƙwarai. Na Jega ya buɗe ƙofa, bari ni in shigar da kai ciki.

Da farko ka cire raga da gola daga kanka. Mutum 11 ne a kowane ɓangare kamar namu, amma abin da ake nema shi ne a ɗauki ƙwallon a kai ta bayan layin ƙarshe na abokan hamayya, su kuma aikinsu su kayar da wanda ke ɗauke da ita. A 1901 tsawon filin yadi 110 ne, yadin nan dai da tela ke auna shadda da shi, kuma dokar ita ce ana ba ku dama uku ku matsa gaba yadi biyar, in kun yi a sake ba ku wasu ukun, in kun kasa ƙwallo ta koma hannun waɗancan. In kuka kai ta bayan layi kun samu maki 5, sai a ba ku bugu ɗaya ku ɗaga ta ta wuce tsakanin turaku biyu, in ta wuce ƙarin maki 1. To wancan 128 ɗin da ya ɗaga maka hankali, da jami'ar Buffalo aka buga shi, sau 22 suka kai ƙwallo bayan layi, 110 kenan, sai bugu 18 da suka shiga, ka ga 128 cif. Sau 22 ɗin ma ba ƙaramin abu ba ne amma dai ya sauko daga sama ya zama abin da hankali zai ɗauka.

Ga yadda kakar ta tafi tun daga ƙarshen Satumba, don ka kai wa abokan musunka: Albion 50, Case 57, Indiana 33, Northwestern 29, Buffalo 128, Carlisle 22, Ohio State 21, Shikago 22, Beloit 89, Iowa 50, sai Stanford 49, duka da nema. Ka haɗa da kanka za ka samu 550.

Wanda ya yi wannan aikin kocinsu ne Fielding Yost, kuma shekararsa ta farko kenan a Mishigan. Kafin nan yawo yake yi, shekara ɗaiɗai a kowace makaranta, Ohio Wesleyan a 1897, Nebraska a 1898, Kansas a 1899, Stanford a 1900, kuma abin da ya raba shi da Stanford shi ne sun kawo doka cewa sai tsohon ɗalibinsu ne kawai zai horar da 'yan wasansu, shi kuma ba a can ya yi karatu ba, ka riƙe wannan don zai dawo. Da zai taho daga Kalifoniya ya jawo wani yaro Willie Heston, wanda ya zama dodon masu tsaron baya na wancan zamani, a shekara huɗu da ya yi yana bugawa Mishigan ba a taɓa doke su ba ko sau ɗaya. Sirrin Yost sauri ne, har laƙabi aka yi masa da kalmar da yake yawan faɗa wa yaransa ta ku yi sauri. A lokacin yawancin ƙungiyoyi in an kayar da mutum sai a tashi a karkaɗe jiki a jeru a hankali, shi kuwa nasa yaran kafin waɗancan su gama miƙewa har sun jeru an ba da alama an sake afka musu, to ka yi tunanin mutumin da aka danne shi yanzu, bai gama maido numfashi ba an sake tunkaro shi, haka har minti 70 don a lokacin rabi biyu ne na minti 35 kowanne, kuma dokar canji ta ce in ka fita ka fita kenan ba ka dawowa. Shi ya sa 'yan jarida suka sa musu suna masu maki ɗaya duk minti ɗaya.

Yanzu Stanford. Masu shirya bikin furanni na garin Pasadena a Kalifoniya suka gayyaci ƙungiya ɗaya daga gabas ɗaya daga yamma su kara ranar 1 ga Janairu 1902, wannan shi ne wasan farko na abin da yau ake kira Rose Bowl. Yaran Mishigan suka baro garinsu Ann Arbor cikin tsananin sanyi, suka yi kwanaki a jirgin ƙasa, tafiyar sama da kilomita 3,000, suka sauka inda rana ke dukan mutum, wa za su tarar, makarantar da ta sallami kocinsu. An tafi hutun rabin lokaci 17 da nema, bayan an dawo abin ya ɓalle, Neil Snow shi kaɗai sau biyar ya kai ƙwallo bayan layi, da ya rage saura minti takwas kyaftin ɗin Stanford ya nemi a tsaya haka nan, aka tsaya a 49. Abin bai yi wa masu bikin daɗi ba har suka ajiye ƙwallo gefe suka koma tseren keken doki da makamantansu, sai a 1916 aka dawo da ita.

Ni a wajena 550 ɗin ba shi ne abin mamaki ba, don a 1916 Georgia Tech ta ci wata ƙaramar kwaleji Cumberland 222 da nema a wasa ɗaya, tara maki a kan mara ƙarfi kowa na iya yi. Sifirin nan shi ne abin dubawa. Wasa 11, babu rana ɗaya da wani ya yi sakaci, babu ƙwallon da ta kuɓuce a mugun wuri aka ɗauke aka ruga da ita, babu bugu ɗaya daga nesa da ya shiga, alhali a lokacin bugun nesa ma maki 5 ne. Duk wanda ya taɓa riƙe yara 11 ko a gasar makarantu ce ya san wahalar da ke cikin hana su shagala bayan sun ga suna gaba da rata mai yawa.

Kawu na Mafara:

Malam Allah shi saka da alheri, ka yi bayani awa muna gaban allo. Ni da nik karanta yadda kac ce ana kare mai ɗauke da ƙwallo ana ture masu son kayar da shi, langa nit tuna wallahi, wadda munka yi muna yara ga dandali da farin wata, kowa ya kama yatsan ƙahwa guda ta baya shina tsalle da guda, ga ruwa a tsakiya ana kare shi har shi kai wurin da anka shata, waɗancan kuwa babu abin da suka nema sai su kai shi ƙasa. Ashe su ma abin da sunka yi kenan sai dai su da ƙahwa biyu da ƙwallo ga hannu.

Amma ni abin da ad damuwata ga wanga labari, ɗiyan mutane da anka ci 128 da 89 ɗin nan, wane hali sunka koma gida? Don ni na san mi a haɗuwar ƙashi da ƙashi. Ina aji ukku na sakandare anka sa ni kokawa ranar wasannin makaranta da wani da ya hi ni girma da nauyi, don kawai gidanmu shi samu maki, yad ɗaga ni yan nana da ƙasa, ƙashin kahwaɗata ta dama yak karye, na ji ƙarar shi da kunnena. Anka ja ni gehe anka aje ƙarƙashin dalbejiya, anka ci gaba da wasa ana tahi ana kiɗa, babu malami guda da yaz zo duba ni sai da anka gama raba kyaututtuka. Mahaihina Allah shi jiƙan shi shi yaɗ ɗauke ni bisa keke zuwa wurin maɗori, da kuɗin shi, makaranta ko sannu. Yau shekara ta hi arba'in, in hunturu ya shigo ba ni iya ɗaga hannun nan sama da kaina. To shi ya sa in naj ji ana yabon masu nasara sai hankalina shi tahi ga wanda ad kwance ƙasa. Malam ka hwaɗa muna, suna da wani abin kariya kuwa, kuma wa ad ɗaukar nauyinsu in sun ji ciwo?

Kuma ku yara ku lura da shekarar, 1901, lokacin Sarkin Musulmi Abdurrahman na bisa gado, Turawa sun ci Bida da Kwantagora cikin shekarar, Sakkwato kuwa sai Maris na 1903 tah hwaɗi. Jirgin ƙasa bai iso Ƙauran Namoda ba sai 1929. Su ko a lokacin ɗalibai na shiga jirgi suna keta ƙasa don wasa.

Ɗiyar Argungu:

Sannu Kawu, Allah ya ƙara sauƙi, wlh labarinka ya taɓa ni. Malam ni kuma da izininka ina da ja a kan wani abu, ba a kan lissafin ba, a kan yadda za a je gidan kallo a ce su ne gwanayen duniya. A wancan lokacin manyan wasan nan a gabashin Amurka suke, Harvard da Yale da Princeton, can aka haifi wasan ma, Rutgers da Princeton ne suka buga na farko tsakanin kwalejoji a 1869, kuma Walter Camp na Yale ne ya tsara yawancin dokokin. To Mishigan ba ta buga da ko ɗaya daga cikinsu ba a 1901. Harvard a wannan shekarar wasa 12 ta buga ta cinye duka har da Yale, kuma mutanen gabas ita suka ɗauka zakara. Ko a rukuninsu na yamma ma Wisconsin ba a doke ta ba a shekarar, tare suka raba kambun, kuma ba su haɗu ba. Albion da Beloit ƙananan kwalejoji ne, kusan maki 140 daga wajensu aka kwaso. Babu wani wasan ƙarshe da aka shirya don a san gwani, daga baya ne masu bin tarihi suka zauna suka raba kambun ƙasa, wasu suka ba Mishigan wasu suka ba Harvard.

Don haka ɗan Arsenal ɗin nan yana da abin faɗa, don su kowa da kowa suka buga da shi gida da waje, babu wanda suka kauce wa. Ban rage wa yaran Yost komai ba, Shikago da Carlisle da Ohio State ba kanwar lasa ba ne kuma ka ga a kansu makin ya tsaya 21, 22, amma a faɗi duka ɓangarorin. Carlisle ɗin nan ma ba jami'a ba ce, makarantar kwana ce da gwamnatin Amurka ta buɗe a 1879 tana kwaso 'ya'yan asalin mazauna ƙasar daga wajen iyayensu, a aske musu gashi a canza musu suna a hana su yarensu, kuma kusan duk manyan wasanninsu a gidan wasu suke bugawa, wannan na Mishigan ma a Detroit aka yi. Ni in za a ba ni zaɓin labarin da zan bi, nasu zan bi.

Ɗan Sabon Gari Gusau:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci, yanzu na gane inda aka kwana. Kawu Allah ya ba da lafiya. Malam saura abu ɗaya, wa ya fara karya su, ko haka suka yi ta tafiya?

Malamin Motsa Jiki, Birnin Kebbi:

Hajiya ta Argungu maganarki dutse, ban da abin cewa a kan Harvard da Wisconsin, abin da kawai zan ƙara shi ne Buffalo ɗin da aka yi wa 128 ta doke Columbia, ɗaya daga makarantun gabas ɗin, a farkon wannan kakar, don haka ba kowa ne cikin waɗanda aka lallasa ɗan kanzagi ba.

Kawu, amsar tambayarka ba mai daɗi ba ce. Babu hular kwano irin ta yau, wasu suna ɗaura wata 'yar hular fata mai laushi, wasu abin kare hanci, da yawa kai tsirara suke shiga, sai a 1939 aka wajabta hula a wasan kwalejoji. Kuma a lokacin ba a yarda a jefa ƙwallo gaba ba, to tunda yadi biyar kawai ake nema sai kowa ya dunƙule wuri ɗaya, mutum 22 a cure, na baya suna tura mai ƙwallo na gaba suna jan shi, a bi ta kan duk wanda ya faɗi. A 1905 kaɗai aƙalla mutum 18 suka mutu a wasan nan a faɗin Amurka, da yawansu yaran sakandare. Shugaban ƙasa Theodore Roosevelt da kansa ya kira mutanen Harvard da Yale da Princeton fadarsa a watan Oktoba na shekarar ya ce a gyara. Columbia ta soke wasan gaba ɗaya na tsawon shekaru, Stanford ta koma buga ragbi. A 1906 aka halatta jifa gaba, aka mayar da yadi biyar ya zama goma don dole a buɗe wasa a daina curewa, aka kafa ƙungiyar da a 1910 ta koma NCAA mai kula da wasannin jami'o'i har yau. Kuɗin ƙofa kuwa makaranta ke karɓa, ɗalibi a dokar wancan lokacin ba a biyan shi, sai a 2021 aka yarda ɗan wasan jami'a ya ci kuɗi da sunansa da hotonsa. Abin da ya same ka a ƙarƙashin dalbejiyar nan shi ya sa ni ba na fara gasa sai na ga akwatin magani da abin hawa a bakin fili, kuma ba na haɗa yara kokawa sai na auna nauyinsu, ko da za a ce na cika tsanani.

Malam Ɗan Sabon Gari, sun daɗe suna tafiya. A 1902 wasa 11 duka nasara, 644 da 12. A 1903 Minnesota ta riƙe su canjaras 6 da 6, kuma wannan shidan su ne kaɗai makin da aka ci su a shekarar. A 1904 wasa 10 duka nasara. A 1905 suka sake cinye wasa 12 a jere ba a ci su ko maki ɗaya ba, wasa 56 kenan ba a doke su ba, saura wasa ɗaya su rufe kaka kamar ta 1901, suka je Shikago ranar 30 ga Nuwamba wajen yaran koci Amos Alonzo Stagg, waɗanda suka sha kashi a hannunsu shekara huɗu a jere. Aka yi ta gwabzawa babu wanda ya iya kai ƙwallo bayan layin wani, can a rabi na biyu Shikago ta buga ƙwallo mai nisa, wani yaron Mishigan ya cafe ta a bayan layinsu, maimakon ya durƙusa a nan ya ce bari ya fito da ita da gudu, ya ɗan tsallako layin kenan aka tare shi aka mayar da shi baya aka kayar, a doka wannan maki 2 ne ga abokan hamayya. Haka aka tashi 2 da nema. Ka gaya wa abokinka su ma Arsenal jerin wasa 49 da suka yi ba a doke su ba da 2 da nema ya ƙare a Old Trafford a Oktoba 2004. A shekara biyar ɗin nan jimilla Mishigan ta ci 2,821 an ci ta 42.

Heston ya karanta lauya har ya zama alƙali a Detroit. Yost kuma ya zauna a Mishigan, shi ya tsaya aka gina musu filin wasa a 1927, wanda yau yake ɗaukar sama da mutum 107,000, babu wanda ya kai shi girma a Amurka.

Ɗan Sabon Gari Gusau:

Allah ya ƙara ilimi Malam. Na kwafe duka zan karanta musu ranar Asabar kafin a take wasa, har da na Hajiya don kar a ce na ɓoye wani ɓangare. Kuma na ji sha'awar in ga wasan nan da idona ko sau ɗaya, tunda har yanzu ana yin Rose Bowl ɗin a farkon Janairu zan yi wa mai gidan kallo magana ya duba mana tashar da ke nunawa, ƙanen namu ya ce muna gaban Kalifoniya da awa tara a lokacin, kenan cikin dare zai kama a nan, sai mu yi karo-karo mu sayi man janareta, mutum shida sun riga sun ce suna ciki.